Littafin aiki: koya wa na'ura gadin Tsohuwa

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2025

Yau da safe shugabar sashenmu ta miƙo mini aikin a rubuce, shi ya sa na buɗe wannan littafi. Duba lafiyar Tsohuwa da Alhaji ke yi da hannu kowace safiya ake so ya koma hannun na'ura, kuma a gama kafin ƙarshen Yuni, watan da zai ajiye aiki.

Tsohuwa ita ce menfirem ɗin da muke kula da ita, wato babbar kwamfutar IBM mai aiki da tsarin gudanarwa na z/OS. Ba a Akra take zaune ba. Tana can Ingila, mallakin wani kamfanin hada-hadar kuɗi, mu kuma muna gadinta daga wani ofis a nan unguwar Ridge. Sunan ma da ɗan zalunci a ciki, don ƙarfen nata z15 ne, samfurin 2019. Danginta ne suka tsufa. Kakarta System/360 ta fito a 1964, CICS da ke karɓar hada-hadar kwastomomi ya fito a 1969, rumbun bayanai na Db2 kuma a 1983. Akwai manhajojin da aka rubuta da harshen kwamfuta na COBOL a cikinta da suka girme ni, kuma har gobe su ke biyan mutane kuɗinsu.

Na zauna a bayan Alhaji da biro a hannu ina kallo. Ƙarfe shida da rabi yake sauka daga turoturon Maamobi, da kokonsa da ƙosai a leda. Sai ya buɗe baƙin allon nan mai koren rubutu, layi 24, gurbi 80. Ya shiga SDSF, allon da ke nuna halin da ayyuka ke ciki, ya ga ko ayyukan dare sun ƙare lafiya, ya bi tarihin tsarin yana neman saƙonnin da suka fara da DFH, na CICS ke nan, da masu farawa da DSN, na Db2. Daga nan sai rahoton jiya na RMF, manhajar da ke auna nauyin da ke kan Tsohuwa. Wasu lambobin ya kwafe su cikin wani littafi mai baƙin bango, wasu ya tsallake su kamar bai gani ba. Awa ɗaya da rabi cur. Na ƙirga matakai goma sha huɗu, na ce masa wata biyu ya ishe ni.

"Allah ya sa, ɗana," ya ce, ya ci gaba da shan kokonsa.

Juma'a, 7 ga Fabrairu

Tsohuwa ba ta san mantuwa ba. Duk abin da ta yi sai ta rubuta shi a SMF, kundin ajiyar bayanan ayyukanta, kuma kowane irin rikod da lambarsa. Lamba 30 labarin ayyuka ne, nawa kowanne ya ci. Daga 70 zuwa 79 na RMF ne, 70 na nuna yadda furosesa ta sha aiki, 72 na nuna yadda kowane rukunin aiki ya samu rabonsa. Db2 na rubuta 100 na ƙididdigar gaba ɗaya da 101 na lissafin kowane mai shigowa. CICS kuma 110. Saboda haka ba ni da abin ƙirƙira, tatsa kawai zan yi.

Na rubuta JCL, harshen da ake ba Tsohuwa umarnin aiki da shi, da zai sa IFASMFDP, shirin da ke tatso rikod na SMF, ya ware mini waɗannan lambobi. Rabin yini ya tafi a kan layi ɗaya da ya zarce gurbi na 71. Har yanzu JCL na ɗaukar kowane layi a matsayin kati mai huji, abin da ya wuce nan ba ya cikin umarnin. Alhaji, wanda ya riƙe katunan da hannunsa yana saurayi, ya leƙo ya sa yatsa a kan wurin bai ce komai ba.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Na sha kunya wannan makon.

Da farko rikod na 110 ya ƙi karantuwa. Ashe CICS na matse shi kafin ya ajiye, sai an warware da wani shiri mai suna DFH$MOLS, sannan kuma sai da wani rikod na daban da ake kira ƙamus, wanda ke faɗin wane gurbi ke ɗauke da me. Ba ƙamus, ba karatu. Da na wuce wannan sai na rubuta ɗan shiri da REXX, harshen da Mike Cowlishaw ya ƙirƙiro a 1979, mai daɗin rubutu kamar hira. Na sake shi a kan rikod ɗin yini guda, miliyoyi, da ƙarfe goma na safe. Ya yi aiki, na tafi gida ina jin kaina.

Washegari saƙo ya zo daga Ingila ana tambayar aikin wane ne wannan. Abin da ban sa a lissafi ba shi ne yadda ake biyan kuɗin manhajojin Tsohuwa. A tsarin da suke kai, ana auna ƙarfin da ta ci da ma'aunin MSU, a ɗauki matsakaicin kowace awa huɗu a jere, sannan a duba inda wannan matsakaici ya fi tsawo a cikin wata. Da wannan ƙololuwa ake yanke kuɗin watan gaba ɗaya. Ni kuwa na ɗora kayana daidai lokacin da kwastomomi suka fi yawa, da harshen da ake fassara shi layi-layi yana tafiya. Mai gadi ya zo yana cin abincin gidan fiye da masu gida.

Hukunci: Tsohuwa za ta tatso ta warware rikod kawai, a matakin aiki mafi ƙanƙanta, sauran lissafi duka ya koma wata sabar Linux da Python.

Alhamis, 20 ga Fabrairu

Kwaso fayil daga can zuwa nan ya ci mana kwana huɗu. Na farko da muka buɗe cike yake da alamar @ ta ko'ina. Tsohuwa da EBCDIC take rubutu, wato nata tsarin ba haruffa lamba, kuma lambar da ke nufin sarari a wurinta ita ke nufin @ a ASCII, tsarin da Linux ke bi. Wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne rikod ɗin sun manne da juna, ba a san inda wani ya ƙare wani ya fara ba.

Yarinyar da ke bautar ƙasa a sashenmu, 'yar Zangon Madina, ita ta gano. Tana zaune shiru da takardun IBM tun safe, can ta ɗago ta ce, "Yaya, bait huɗu na farko ne ba su zo ba." Kowane rikod na SMF yana da 'yar goshi ta bait huɗu da ake kira RDW, wadda ke faɗin tsawonsa, FTP kuma, shirin da ke kwaso fayil ɗin, yana yar da ita a hanya sai an ce masa ya taho da ita. Kalma ɗaya muka ƙara a umarnin. Na saya mata wake da ƙwai da rana, ta ce da nama ya kamata.

Kwanan wata ma da nasa salon. Yau a wurin Tsohuwa 0125051F ne: 1 na nufin ƙarnin nan, 25 shekara, 051 rana ta 51 a shekarar. Lokaci kuma ana ƙirga shi da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa tun daga tsakar dare. Mun fassara, mun zuba a rumbu, Grafana, manhajar da ke zana lambobi a allo, ta zana mana layin farko da la'asar.

Alhamis, 6 ga Maris

Ghana ta cika shekara 68, gari na hutu, mu muna ofis da azumi a baki, don Ingila ba ta san da wannan hutu ba. Hanya babu kowa, minti goma sha biyar daga Nima.

Na kunna ƙararrawa. Iyakoki huɗu na sa: furosesa ta wuce kashi 90 cikin 100, lokacin amsa a CICS ya wuce daƙiƙa ɗaya, Db2 ya mayar da lambar -911, ko ma'aunin cika buri na WLM, mai raba ƙarfin na'ura tsakanin ayyuka, ya haura 1. Duk wanda ya faru, saƙo ya tafi wayoyin mutum biyar.

Talata, 11 ga Maris

Na kashe ƙararrawa. Saƙo sama da ɗari biyu a kwana biyar. Ranar Asabar wayata ta yi ta kuka muna sahur har mahaifiyata ta tambaya ko wani ne ba lafiya. Zuwa Litinin mutum uku cikin biyar sun rufe bakin saƙon a wayoyinsu, wanda ya fi rashin ƙararrawar muni, don yanzu ana zaton akwai mai gadi alhali babu mai sauraronsa.

Kuma babu saƙo ɗaya da ya yi ƙarya. Furosesa ta wuce 90 ɗin da gaske. Sai dai menfirem an gina ta ne ta yi aiki dab da cikarta, WLM na ba manyan ayyuka hanya, ƙanana su ci ragowa. Abin da zai sa sabar Linux ta fara haki, ita a nan take jin daɗinta. Haka -911: yana nufin Db2 ya janye wani aiki ya mayar da shi baya, ko don ya gaji da jiran a saki kullen da wani aikin ya sa wa bayanai, ko don ayyuka biyu sun yi cirko-cirko kowanne na riƙe da abin da ɗayan ke nema. Guda biyu ko uku a lokacin ayyukan dare ba labari ba ne, manhajar na sake gwadawa da kanta.

Bayan azahar na ja kujera kusa da Alhaji, na ce, "Baba, ka gaya mini lambar da kake nema."

Ya ce, "Ba lamba nake nema ba. In ka bi ta kasuwar Nima ranar Laraba ka ga mutane kamar ƙasa, za ka kira 'yan sanda?"

Na ce a'a, ranar kasuwa ce.

"To in ka ga wannan taron ranar Lahadi da asuba fa?"

Sai ya buɗe mini baƙin littafin, karo na farko da na ga cikinsa da kyau. Lambobin ba su ne abin kallo ba. Gefensu ne. Da ƙananan rubutu, rabi boko rabi ajami, ya sa dalilin kowace rana: ƙarshen wata, ranar albashi, an sauya manhaja daren jiya, hutu ne a can, aikin dare ya makara ya shiga safiya. Wani wuri ya rubuta "ya yi shiru da yawa" ya ja layi biyu a ƙasa. Matakai goma sha huɗun da na ƙirga ranar farko hannunsa ne kawai. Abin da ke faruwa a kansa shi ne yana gwada yau da irinta ta baya, Talata da Talata, ƙarshen wata da ƙarshen wata. Wannan ban rubuta ba don ban gan shi ba.

Albarkar makarantar allo, ina iya karanta gefen. Abokin aikinmu da ba Bahaushe ba ya duba ya ce ai wannan sirri ne da ko RACF, manhajar tsaron Tsohuwa, bai kai shi tsaro ba.

Laraba, 19 ga Maris

An sake gini daga tushe. Yanzu kowane minti goma sha biyar ana gwada shi da takwaransa na makonni shida da suka wuce, rana ɗaya, lokaci ɗaya. Ba a ƙara da ƙararrawa sai abu ya kauce sau uku a jere.

Na kuma rabu da matsakaici. In mutum 99 sun samu amsa a kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, mutum ɗaya ya jira daƙiƙa 20, matsakaicin bai kai sulusin daƙiƙa ba, allo kore shar, shi kuwa wancan ɗayan yana kan waya yana faɗa. Yanzu muna duba lokacin da kashi 95 cikin 100 suka samu amsa a cikinsa, kuma kowace irin hada-hada da nata lissafin, ba a dunƙule ba. Ƙanwata, yarinyar nan mai bautar ƙasa, ta raba lokacin amsa gida biyu yadda rikod na 110 ke bayarwa, wanda aka yi ana aiki da wanda aka yi ana jira. A ɓangaren Db2 kuma aji na 2 na nuna zaman da aka yi a cikin rumbun, aji na 3 na nuna jiran faifai ko kulle. Da wannan saƙon zai iya cewa ga inda aka tsaya, maimakon "akwai matsala" kawai.

Saƙo bakwai a mako. Mutanen sun buɗe wayoyinsu.

Laraba, 2 ga Afrilu

Barka da Sallah. Mun dawo mun tarar da allon ya haukace.

Tun Lahadi layin CICS da na RMF sun daina haɗuwa. Cunkoson hada-hada na nunawa a ƙarfe tara, nauyin furosesa a ƙarfe goma, kamar inuwa ta riga mai ita isowa. Na'urar kuma ta yi ta gwada ƙarfe tara na yau, agogon can, da ƙarfe takwas na makon jiya tana ihu.

Ranar Lahadi, 30 ga Maris, hankalinmu na kan ɗinki da cefanen Sallah, Ingila ta tura agogonta gaba da awa ɗaya, kamar yadda take yi kowace Lahadin ƙarshe ta Maris. Lokacin da ke goshin rikod na SMF agogon gida ne. Lokutan farawa da ƙarewar hada-hada a cikin rikod na 110 kuwa daga agogon ƙarfen ake ɗauko su, wanda ke kan GMT yana ƙirga tun 1 ga Janairu, 1900. Mu a Ghana kan GMT muke rani da damina, ba mu taɓa agogo. A Fabrairu da Maris agogo ukun duk bakinsu ɗaya, namu da na Ingila da na ƙarfen, don haka na haɗa su yadda na ga dama kuma komai ya yi daidai. Kuskuren na kwance tun ranar farko, yana jiran ranarsa.

Gyara: a ajiye komai da GMT, a riƙe tazarar agogon gida a gefe, rikod na RMF ma na ɗauke da ita. Amma gwajin yau da makon jiya da agogon gida za a yi shi, domin mutanen can da nasu agogon suke tashi su je aiki. Na rubuta 26 ga Oktoba da jan biro a bango, ranar da za su mayar da shi baya, awa ɗaya ta zo sau biyu.

Alhaji ya nuna mini shafin Maris na bara a littafinsa. "An sauya agogo." Da na shekarar da ta gabace ta ma.

Litinin, 7 ga Afrilu

Shekarar haraji a Ingila na ƙarewa 5 ga Afrilu, kuma mutane kan yi rububin kammala harkokin kuɗinsu kafin ranar. Alhaji ya faɗa mini tun kafin Sallah, na sa makon a jerin ranakun da ba a gwada su da kowa. Aiki ya yi yawa, ƙararrawa ta yi shiru, daidai ke nan.

Litinin, 14 ga Afrilu

Yau ta biya kuɗin shinkafarta.

Tara saura kwata agogon can saƙo ya shigo: wata hada-hada guda, ta neman tarihin asusu, tana jan shafukan Db2 dubbai a kowane kira, alhali ta saba da 'yan gomomi. Lokacin amsa na gaba ɗaya bai motsa ba, don ba a cika kiranta da sassafe ba. A tsohon tsari sai wajen sha ɗaya za a ji, lokacin da ta riƙe gurabe har CICS ya kai iyakar ayyukan da zai ɗauka lokaci guda, sauran su yi layi a bayanta.

Muka duba. A ƙarshen mako an sake ɗaure wasu manhajoji da REBIND, umarnin da ke sa Db2 ya sake zaɓar hanyar neman bayanai, ƙididdigar teburin kuma ta tsufa, ba a yi masa RUNSTATS mai sabunta ta ba tun yana ƙarami. Db2 ya duba tsohuwar ƙididdiga, ya ga tebur ɗan mitsitsi, ya yanke cewa karance shi duka ya fi bin fihirisa sauƙi. Kamar mai neman suna ɗaya a rajistar makaranta ya fara daga shafin farko. Mai kula da rumbu a can ya mayar da tsohuwar hanya da SWITCH(PREVIOUS), kafin tara da rabi layin ya sauko.

Alhaji ya daɗe yana kallon allon Grafana, wanda da ko kallo bai ishe shi ba. Ya ce, "Wannan sai gobe da safe zan gan shi a rahoto." Bai ƙara ba, ni ma ban nemi ƙari ba.

Talata, 22 ga Afrilu

Jiya Litinin ɗin Ista, hutu a can da nan. Na manta ban cire ta ba, na'urar ta ga aiki ya faɗi ƙasa ta yi ƙara, kuma da na bar ta da ta gurɓata ma'aunin Litinin har mako shida. An sa kalandar hutun Ingila ta shekara duka. Ta gaba 5 ga Mayu.

Alhamis, 8 ga Mayu

Ruwa tun asuba, shataletalen Circle ya cika, sai tara na iso a jiƙe.

Abu biyu ke gabana. Na farko jinkiri. Kafin a tatso SMF, a kwaso, a lissafa, a jira kaucewa uku, an kusa awa guda. Ga irin matsalar 14 ga Afrilu ya isa. Ga CICS da wurin ajiyarsa ya ƙare yana fitar da saƙon DFHSM0133, ihu bayan hari ne. Mun fara jan bayanai kai tsaye daga sabar RMF ta ƙofa 8803, wadda ke sabuntawa duk daƙiƙa 100, saƙonnin gaggawa kuma za a kama su daga tarihin tsarin suna fitowa.

Na biyu gardama ce. Shugabarmu na so na'urar ta wuce faɗa ta fara aikatawa, ta kashe aikin da ya maƙale da kanta. Na ce a dakata. Abin da ya ruɗe da sauyin agogo wata guda da ya wuce ban yarda in ba shi wuƙa a kan hada-hadar kuɗin mutane ba. Kashe aikin da ya daɗe yana rubutu yana sa Db2 ya warware duk abin da ya yi, kuma yana riƙe da kullen har ya gama, sai a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Mun tsaya a kan cewa ta rubuto umarnin a shirye, mutum ya duba ya danna.

Da yamma Alhaji ya kira ni. Ya ce, "Ɗana, na'urarka ta ce komai lafiya yau?"

Na ce lafiya lau, Baba.

Ya nuna mini SDSF. Wani ɗan aiki da ke share tsofaffin layuka daga wani tebur kowane daren Laraba bai tashi ba. Bai faɗi ba, bai yi kuskure ba, tashi ne bai yi ba sam, saboda haka babu rikod na 30, babu abin da shirina zai auna. Da an yi mako uku haka, teburin zai kumbura mu koma gidan jiya. Shi ya lura ne don ya saba ganin sunan a tsakanin wasu biyu, yau ya ga sun matso kusa da juna. Abin da "ya yi shiru da yawa" ke nufi ke nan.

Saboda haka aikin mako mai zuwa shi ne jerin abubuwan da ya kamata su faru, da ranarsu da lokacinsu, domin a yi ƙara in ba su zo ba. Wasu na cikin manhajar tsara ayyuka, zan kwaso. Sauran suna gefen shafukan Alhaji. Ya yarda in riƙa tafiya da littattafan gida, ɗaya bayan ɗaya, da sharaɗin in sa a leda saboda ruwa kuma kada in karanta ina cin tuwo. Guda goma sha ɗaya ne. Ni da ƙanwata mun kai na huɗu, saura mako bakwai.